Wa Ya Gaya Wa Lilon?

Ni malamin fiziks ne a wata sakandaren gwamnati a cikin birnin Katsina. Aikina ke nan tun ina saurayi, ga shi yanzu furfura ta cinye mini gemu. A Ƙofar Kaura aka haife ni, a nan na yi aure, a gidan da mahaifina ya bari, inda mahaifiyata take zaune tare da mu. Hajiya kowa ke ce mata. 'Ya'yana huɗu, kuma labarin babbar zan bayar. Sunan Hajiya aka sa mata, don haka bakina bai taɓa kiran sunanta na yanka ba. Uwata nake ce mata, ita kuma ta ce mini Abba.

Ba ta daɗe da fara tafiya ba aka gano tana da sikila. Hannuwanta da ƙafafunta ne suka riƙa kumbura, ta yi ta tsala kuka ba a san abin da ke damunta ba. Hajiya ta ce amosanin jini ne, ta sa aka nemo saiwoyi. Likita ya auna ta, ya auna ni da mahaifiyarta, ya yi mana bayani. A zamanin da muka yi aure ba a san gwajin jini ba a unguwarmu. Tun daga ranar gidanmu ya koma bin lafiyarta. Sanyi na tayar mata da ciwon, gudu na tayar da shi, ƙishirwa ma haka. In ya tashi, sai ta ce kamar an zuba ƙasusuwanta a turmi ana kirɓawa. In ya lafa kuwa, duk unguwar babu yarinyar da ta kai ta surutu.

Da yake ba ta iya guje-guje da sa'o'inta, sai na ɗaura mata lilo a jikin darbejiyar tsakar gidanmu, igiya ce kawai da guntun katako. Wata rana da yamma, tana 'yar firamare, 'yar ƙanwata ta zo mana hutu. Yarinya ce ƙatuwa, ta kusa ninka Uwata a nauyi. Suna ta karɓa-karɓa a kan lilon, ni kuma ina kan tabarma ina duba aikin ɗalibai. Sai na ga Uwata ta daina hawa, ta tsaya gefe tana tafa hannu duk lokacin da lilon ya dawo. Can ta hau da kanta, ta ce wa 'yar uwar ta tafa mata. Sannan ta sauko ta zo ta durƙusa gabana.

"Abba, lilon nan bai san nauyi ba. In ni ce a kai, in ita ce, tafiyarsa da dawowarsa ɗaya."

Na ajiye biro. Abin da nake shan wahala kafin in cusa wa manyan ɗalibai a ka ke nan, ga yarinya ta tsinto shi da tafi. Na tashi na naɗe igiyar a reshe ta gajarce, na ce ta sake gwadawa. Lilon ya ƙara sauri. Na ce mata tsawon igiya ne ke yanke hukunci, ba nauyin wanda ya hau ba.

"To wa ya gaya masa?"

"Ba gaya masa aka yi ba. Doka ce."

"Irin ta gwamnati?"

"A'a. Ta gwamnati ana karya ta kullum. Wannan babu mai iya karyawa."

"Wa ya kafa ta?"

Hajiya na bakin ƙofar ɗakinta tana tsinke zogale. Ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Allah mana! Wagga wace irin tambaya ce, takwara?"

"Hajiya, na san Allah ne. Ina nufin me ya sa Ya yi ta haka, bai yi ta wani iri ba? Ai da Ya so, da mai ƙiba ta fi sauri."

Hajiya ta harare ni. "Kai ke cika ma ɗiyar ga kai da boko. Ka bar ta ta ji da ciwonta."

Ban bar ta ba, ita ma ba ta bar ni ba. Da ta shiga sakandare, muka ɗauki wata al'ada. Duk Juma'ar da take da lafiya, bayan la'asar, sai mahaifiyarta ta sa mata rigar sanyi ko da ana zafi, ta ba ta gorar ruwa, in goya ta a babur. Mu ratsa unguwar GRA a hankali saboda inuwar itatuwan, mu fita har inda gidaje suka ƙare. Akwai wani tudu da muke zama. Daga nan muna ganin shanun Fulani suna dawowa ruga, ga rana tana gangarawa. Yawanci kafin a kira magariba mun juyo, amma wani lokaci takan roƙe ni mu jira tauraruwar farko ta fito.

A kan tudun nan na juye mata duk abin da na sani. Na gaya mata ƙarfin da ke jawo mangwaro ƙasa shi ne ke riƙe da wata. Na gaya mata hasken wasu taurari ya baro gida tun kafin a gina ganuwar Katsina, sai yanzu yake isowa idonmu. Na ce masana sun duba hasken taurarin da suka fi kowanne nisa, suka tarar dokokin da ke aiki a can su ne ke aiki a tsakar gidanmu, babu ragi babu ƙari. Sun bi sawun abin baya-baya har zuwa lokacin da komai yake dunƙule wuri guda cikin zafin da ba a iya kwatantawa.

"Kafin nan fa?"

"Nan awonmu ya tsaya."

"Dokokin sun riga abubuwan zuwa ne, ko tare suka zo?"

Na ce mata masanan ma gardama suke yi. Wasu na ganin tare suka zo. Wasu na ganin ba zai yiwu su zama wani iri ba ko da an so. Babu wanda ya auna. Abin da aka auna shi ne, da wasu daga cikin dokokin sun ɗan goce daga yadda suke, da taurari ba su daɗe suna ci ba, da babu ruwa, babu shanun can, babu ni babu ita.

Ta dubi shanun. Sannan ta ce, "Kenan an yi awon da kyau."

"Da kyau ƙwarai."

A lokacin, in na faɗi irin wannan magana daɗi nake ji har cikin raina. Ina ganin aikina da sallata hanya ɗaya suke bi. Allah Ya tsara, ni kuma ina nuna wa yara tsarin a kan allo.

Wata rana ta dawo daga makaranta ta ajiye jaka, ta ƙi cin abinci. Mahaifiyarta ta taɓa goshinta, ba zazzaɓi. Ina zaure ina goge babur ta zo ta tsaya a kaina.

"Abba, yau an koya mana yadda ake gadon jini."

Na ce, "To."

"Malama ta zana mana a allo. In uwa da uba duk suna ɗauke da shi, ɗaya cikin huɗu. Mu huɗu ne a gidan nan. Lissafin ya fita cif."

Malantar da ke jikina ta motsa, na fara cewa ai ba rabo ake yi ba, kowace haihuwa da tata ƙaddarar. Ta ce ta sani, malama ta faɗa. Ta zauna a dakali tana murza bakin hijabinta.

"Gara ma da ni ce. Da auta ce ba za ta iya ba, raguwa ce, allura kawai take gani ta fara ihu." Ta ɗan yi dariya. Sai kuma ta ɗago ta dube ni. "Abba, Wanda Ya auna taurari da kyau haka, jinina ma da saninSa Ya auna shi, ko?"

Na ce, "Babu abin da ya kuɓuce wa saninSa, Uwata."

"To shi ke nan. Da kuskure ne da na fi jin haushi."

Ta tashi ta shiga cikin gida ta ci abincinta. Ashe mahaifiyarta na bayan ƙofar zaure, ta ji komai. Na same ta a madafa ta juya wa ƙofa baya, tana juya miyar da ta riga ta nuna.

Haka muka yi ta tafiya, wata lafiya wata asibiti, har ta gama sakandare. Ta ce fiziks za ta karanta a jami'a, kuma a nan Katsina, don ta riƙa kwana a gida. Hajiya ta ce gidan ga an samu mahaukata biyu ke nan. Amma da yamma sai in ga ta kira ta ɗaki, ta ba ta dabino, ta ce, "Takwara, gaya mini labarin taurarin nan naki, in ji ƙaryar da ubanki ke yi miki."

Cikin daminar da Uwata ta gama makaranta ne ta je gidan wata ƙawarta da ta yi rashin uba. Da ta fita gari garau yake. A hanyar dawowa hadari ya taso ba shiri, ruwa ya same ta a cikin keke napep, iska na kaɗo shi ta gefe. Ta shigo gida jiƙe sharkaf, haƙoranta na haɗuwa. Aka yi mata duk abin da aka saba yi. Washegari zazzaɓi ya rufe ta. Wannan karon ba a ƙafa ciwon ya tsaya ba, ƙirji ya kama.

Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, wannan zan faɗa har gaban Allah. An ƙara mata jini, ƙanena ya bayar, wasu tsofaffin ɗalibaina ma sun zo sun bayar. An sa mata robar iska a hanci. Wata rana ta ɗan farfaɗo, wata rana ta koma.

Ranar da ta fi samun sauƙi, bayan azahar, mahaifiyarta ta tafi gida ta kawo abinci, aka bar ni da ita. Tana kwance tana kallon ledar ƙarin ruwa da aka rataya, ruwan na ɗiga ɗaya bayan ɗaya.

"Dubi, Abba. Ko a asibiti dokar ba ta hutu. In an sauke ledar ƙasa ruwan ba zai shiga ba."

Na ce ta rage magana, ta adana numfashinta.

"Na gaji da yin shiru. Abba, don me aka yi duk wannan?"

"Wanne?"

"Duka. Taurarin, da ranar, da mu."

Na ba ta amsar da aka ba ni ina yaro a makarantar allo, wadda har gobe na yi imani da ita. Na ce an halicce mu ne don mu bauta wa Wanda Ya yi mu, duniya kuma gidan jarrabawa ce.

"Na yarda. Wallahi na yarda, Abba, kada ka ga kamar wani abu nake nufi." Ta tsaya ta ja numfashi. "Amma ɗakin jarrabawar ya yi girma da yawa. Ka ce akwai taurarin da haskensu ba zai taɓa isowa nan ba. Babu wanda zai gan su. Su don wa aka yi su?"

Na buɗe baki zan kawo wani bayani, sai na ga yadda take kallona. Ta san muryata in ina da amsa, ta san ta in ina lalube.

Na ce, "Ban sani ba, Uwata."

"Yauwa. Na fi son in ji ka faɗi haka." Ta lumshe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can sai ta ce, "In na je zan tambaya."

"Kul! Kada in ƙara jin wannan maganar."

"Matsalar kawai, babu yadda zan aiko maka da amsa."

Ta yi murmushi, wai ita wasa take yi. Na tashi na fita baranda kamar ana kirana a waya, na dafa bango na tsaya a can.

Ba ta sake doguwar magana ba bayan wannan. Ranar da za ta rasu, da hantsi ne, rana ta fito bayan ruwan da aka yi da asuba. Mahaifiyarta na riƙe da kanta tana laƙƙana mata kalmar shahada, ni ina riƙe da hannunta. Leɓɓanta sun motsa, mun ji ta faɗa. Numfashin ya riƙa nisa da juna, sai wani ya fita, muka jira na bayansa bai zo ba.

Ban saki hannun ba. Nas ta zo ta duba, likita ya zo ya duba, ya dafa kafaɗata ya ce sai haƙuri, Malam. Ina zaune ina jin hannun yana hucewa a cikin nawa. Shekara da shekaru ina koya wa yara cewa zafi daga mai ɗumi yake tafiya zuwa mai sanyi, ba ya komowa da kansa. Na rufe hannunta da hannuwana biyu. Ɗumina yana shiga jikinta, na san yana shiga, kuma na san ba zai yi mata komai ba. Ƙanena ne ya zo ya ɓamɓare yatsuna a hankali.

Kafin la'asar an yi mata sutura an kai ta. Ƙasar maƙabarta a jiƙe take, ba ta ba masu haƙa wahala ba. Na shiga cikin masu ɗaukar makara. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Aka yi zaman makoki. Mutane suka yi ta zuwa, maƙwabta da abokan aiki da iyayen ɗalibai, ana ta gaisuwa, ya haƙuri, Allah Ya jiƙanta, Allah Ya sa ta huta. Ina amsawa. Wani abokin aikina ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kai ka fi kowa sanin komai da tsarinsa yake tafiya." Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na ce masa haka ne.

Hajiya ce ta ba ni tsoro. Matar da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, duk zaman makokin ban ji ta yi magana ba sai amsa gaisuwa. Tana zaune da carbi a hannu, ba ta ja. Bayan baƙi sun watse, gida ya koma namu, wata safiya ta aiko auta ta kira ni. Na shiga na durƙusa na gaishe ta. Ta ce in zauna. Na zauna.

"Ni na sha ce mata ta bar yawan tambaya," in ji ta. "Yanzu ga shi ni ke yi."

Ta ajiye carbin, ta ci gaba.

"Dube ni. Haƙora sun zube, gwiwa ta ƙi, ba ni da sauran aiki a duniyar ga. An bar ni an ɗauke ta. Na san ba a tambayar Ubangiji dalili, ina istigfari. Amma zuciyar ba ta bari." Ta juyo ta dube ni. "Kai da ka yi karatu, littattafan nan naku ba su ce komi ba?"

"Ba su ce ba, Hajiya. Namu yadda abu ke faruwa kawai suke faɗa. Zan iya gaya miki abin da ya faru a jininta, da abin da ya toshe mata huhu. Dalilin da ya sa ita ce, da dalilin da ya sa aka yi mu gaba ɗaya, ba a cikin littattafanmu yake ba."

"Mi amfaninsu, to?"

"Ban sani ba, Hajiya."

Ta gyaɗa kai. "Ashe duk ɗaya muke."

Sai ta miƙo hannu ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo, don ni ne ɗanta na fari, kunyata take ji. A nan na yi kukan da ban yi a asibiti ba, ban yi a maƙabarta ba. Ita ma tana yi, hawayenta na sauka a kunnena. Ba wanda ya ce wa wani ya yi haƙuri.

Da aka koma makaranta na koma aji. Imanina bai tafi ko'ina ba, ina salla, ina yi mata addu'a, na kuma yarda akwai hikimar da ban kai gare ta ba. Abin da ya tafi shi ne daɗin nan da nake ji in na tsaya gaban allo ina nuna yadda komai ya zauna daidai. Tsarin yana nan yadda na san shi, ko gezau bai yi ba. Rana ta fito a kan lokacinta ranar da muka binne ta, ta fito washegari. Da ina kallon wannan in ce tsarki ya tabbata ga Allah da fara'a. Yanzu ma ina faɗa, amma babu fara'ar.

Ni da mahaifiyarta ba mu cika yin maganarta ba. Ba faɗa muka yi ba, kowa dai yana tsoron ya fama wa ɗan uwansa. Akwai wani abu da take yi wanda na daɗe ban gane ba. Tun Uwata tana jaririya ba a taɓa yi mata wanka da ruwan sanyi ba, don haka kullum da safe, kafin a ɗora koko, uwar takan ɗora tukunyar ruwan wankanta. Wata safiya, an daɗe da rasuwar, na shiga madafa neman ashana. Na tarar da tukunyar a kan wuta tana tafasa, ita kuma tana tsaye a kanta da bokiti a hannu.

Na ce, "Wannan ruwan na wa ne?"

Ta dubi tukunyar, ta dubi bokitin. "Hannuna ne ke ɗorawa," ta ce. "Sai ya tafasa nake tunawa."

"Kullum?"

"Kullum."

"Me kike yi da shi?"

"Zubarwa nake yi a bayan ɗaki, kada yara su gani."

Na karɓi bokitin daga hannunta, na juye ruwan, na sirka da na randa. Ni mutum ne da tun ƙuruciya ruwan sanyi nake wanka da shi, ko da wane irin yanayi ake ciki. Na ce mata daga yau ta riƙa ɗorawa, ni zan riƙa yi da shi. Ta juya ta ɗauko gasarar koko. Na ɗauki bokitin na nufi banɗaki, don lokacin makaranta ya kusa, kuma ina da darasi a awar farko.